Direban motar ɗaga kaya

Yara, kowa a cikinku ya san ɗan dako. Idan babbar mota ta tsaya a kasuwa ko a tasha, shi ne ke saɓa buhu a kafaɗa, ya kai shi magaza, ya dawo ya ɗauki wani. Buhun siminti kilo 50 ne. Babban buhun hatsi kilo 100 ne. Ƙaƙƙarfan mutum yana ɗaukar buhu guda. Ba ya ɗaukar biyar, balle arba'in.

To, akwai wata ƴar mota wadda ke ɗaukar buhu arba'in a tashi ɗaya. Ba ta da tsawo, ba ta da gudu, ba ta da kyan gani. Kujerarta guda ce tak. A gabanta akwai dogayen yatsu biyu na ƙarfe. Takan zura yatsun nan a ƙarƙashin kaya, ta ɗaga, ta kai inda a ke so, ta ajiye. Sunanta motar ɗaga kaya. Da Faransanci ana kiranta « chariot élévateur », mai tuƙa ta kuma « cariste ».

Tuƙin wannan mota sana'a ce. Amma sana'ar ba ta ƙarfin damtse ba ce, domin ƙarfi yana wurin inji. Abin da a ke nema ga direba shi ne ido, da lissafi, da haƙuri.

Daga ina ta fito?

A shekarar 1917 akwai wani kamfani mai suna Clark a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, yana ƙera sassan motoci. Ma'aikatansa suka haɗa wata ƴar mota mai taya uku, domin su riƙa kai kaya daga wannan ɗakin aiki zuwa wancan. Ba ta ɗaga kaya sama tukuna, jigila kawai ta ke yi. Baƙin da suka zo ma'aikatar suka gan ta, suka ce su ma a ƙera musu irinta. A 1923 kuma kamfanin Yale ya fito da wata mai aiki da batir, wadda ke da yatsu, tana kuma ɗaga kaya sama.

Yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ne ya yaɗa ta. Kayan soja sun yi yawa, maza sun tafi fagen fama, babu isassun hannuwan da za su yi lodi. Sai aka koma ga inji. A lokacin, mata da yawa sun tuƙa irin wannan mota a Amurka. Ƴan matan ajin nan su riƙe wannan.

Motar ɗaga kaya tana da abokin aiki wanda ba ta iya kome sai da shi. Sunansa palet. Palet wani faifai ne na katako, mai ƙafafu gajeru, da ƙofofi a ƙasa inda yatsun mota ke shiga. A kansa a ke jera buhuna ko kwalaye, a ɗaure, su zama kaya guda. Wanda aka fi sani a Turai an tsayar da girmansa a 1961 : tsawo santimita 120, faɗi santimita 80, yana ɗaukar kilo 1500. Akwai waɗanda suka fi shi girma, masu ɗaukar tan 2. Idan an zuba buhuna a ƙasa kawai, babu palet, motar sai kallo. Ku tuna da wannan, za mu dawo kansa idan mun zo maganar ƙasarmu.

Daga baya aka samu kwantena, wato babban akwatin ƙarfen nan da ku ke gani a bayan tirela. Wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, shi ne ya loda guda 58 a jirgin ruwa a 1956, daga nan abin ya bazu. Akwai mai tsawon mita 6, akwai mai mita 12. Kwantena cike da kaya takan kai tan 30. Masu ɗaga ta manyan injuna ne, ƴan uwan ƴar motar tamu. Ita kuwa ƙaramar takan shiga har cikin kwantena ta fito da palet ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ta ke ɗagawa

Ku nemi sirinji a wurin malam, wanda babu allura a bakinsa. Ku ja iska a ciki, ku toshe bakin da yatsa, ku danna. Zai ɗan shiga, domin iska tana matsuwa. Yanzu ku cika shi da ruwa, ku toshe, ku danna. Ba zai motsa ba. Ruwa ba ya matsuwa, mai ma haka. Idan an danna shi a nan, sai ya tura a can.

Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya bayyana ƙa'idar wannan abu. A ce an haɗa bututu biyu da tiyo, an cika su da mai. Bakin babban ya ninka bakin ƙaramin sau 100. Idan aka aza kilo 10 a kan ƙaramin, zai iya riƙe kilo 1000 a kan babban. Ba tsafi ba ne, kuma ba kyauta ba ce. Kafin babban ya tashi da santimita 1, sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 100. Haka jak ɗin mota ke aiki : makanike yana ta kaɗa hannu, mota tana tashi kaɗan kaɗan.

A motar ɗaga kaya ba hannu ke wannan aiki ba, famfo ne wanda inji ke juyawa. Famfon yana tura mai cikin doguwar bututu, bututun ta tura sarƙa, sarƙar ta ja yatsu su hau bisa wani tsanin ƙarfe da ke tsaye a gaban mota. Direba sanda kawai ya ke ja da ƴan yatsunsa. Wata sandar tana ɗagawa da saukewa. Wata tana karkata tsanin gaba ko baya.

Abin da ke hana ta kifewa

A nan ne sana'ar ta ke. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Kun san amalanken jaki mai taya biyu. Idan an tara kaya a can baya, me ke faruwa ? Gaban amalanke ya tashi, har wani lokaci ya ɗaga jakin sama, ƙafafunsa suna lilo. Tayoyin nan biyu su ne tsakiyar sikeli. Nauyin baya ya rinjayi na gaba.

Motar ɗaga kaya sikeli ce ita ma. Tsakiyar sikelin shi ne tayoyin gaba. Kaya suna gaban tayoyin, a waje, babu abin da ke tokare su daga ƙasa. Don kada su rinjaye ta, an ɗaura mata wani ƙaton dunƙulen ƙarfe a baya. A masu aiki da lantarki, batir ɗin kansa yana cikin abin da ke ba da wannan nauyi. Shi ya sa ƴar motar ta fi yadda ido ke ganinta nauyi. Wadda ke ɗaga tan 2 da rabi, nauyinta ita kaɗai ya kusa tan 4, wato kamar ƙananan motoci uku. Idan ta taka ƙafar mutum, ba a maganar targaɗe.

Yanzu ku aza rula a kan fensir, ta daidaita. Ku sa tsakuwa guda a kowane gefe, nisa ɗaya daga fensir. Rula ta tsaya. Ku matsar da tsakuwar dama zuwa ƙarshen rula. Sai gefen dama ya faɗi. Ba a ƙara nauyi ba, nisa aka ƙara. Ashe ba nauyi kaɗai a ke dubawa ba. Ana duba nauyi, ana duba nisansa daga tsakiyar sikeli.

A jikin kowace mota akwai wani ƙaramin allon ƙarfe wanda maƙera suka manna. Yana faɗin kilo nawa ta ke ɗauka, a wane nisa, zuwa wane tsawo. Ga misali. A ce allon ya ce kilo 2500, idan tsakiyar kayan tana santimita 50 daga gindin yatsu. A ce kuma daga gindin yatsu zuwa tayoyin gaba akwai wasu santimita 50. Nisa duka ya zama santimita 100. Mu ninka :

2500 × 100 = 250 000

Wannan adadi shi ne iyakar motar, ba a ƙetare shi. To, sai ga wani dogon akwati, tsakiyarsa tana santimita 75 daga gindin yatsu. Nisa ya koma 75 + 50, wato 125. Mu raba :

250 000 : 125 = 2000

Kun gani ? Mota ɗaya ce, amma yanzu kilo 2000 kawai ta ke iya ɗauka. Kilo 500 sun tafi saboda tazarar santimita 25, wadda ba ta kai tsawon rularku ba. Ku lissafa da kanku abin da zai rage idan tsakiyar kayan ta kai santimita 100. Direban da ba ya karanta allon nan, ko ba ya iya wannan lissafi, wata rana zai ji tayoyin baya sun bar ƙasa. Saboda haka ne a ke zura yatsu har ƙarshe, kaya su jingina da gindinsu. Ba a ɗaukar kaya da bakin yatsu.

Wannan kifewar gaba ke nan. Akwai ta gefe, ita ce ta fi kisa.

Motar tana da taya huɗu, amma tsayuwarta irin ta tukunya ce a kan murhu. Tayoyin gaba duwatsu biyu ne. Tayoyin baya kuwa suna kan ƙarfe guda wanda aka maƙala a tsakiyarsa, yana ɗan lilo, don mota ta iya bin ƙasa marar daidai. Wurin maƙalawar nan shi ne dutse na uku. Tukunya tana zaune lafiya muddin nauyinta yana tsakanin duwatsun uku. Da zarar ya fita, tuwo ya zube.

Me ke fitar da nauyi daga tsakanin duwatsun ? Shan kwana da gudu. Taya guda ta faɗa rami. Juyawa a kan gangare. Sai babbansu, tafiya da kaya a sama. Wadda ta taɓa ɗaukar tulu ta san bambanci. Idan kin rungume shi a ciki, ko kin yi tuntuɓe za ki iya tsayawa. Idan yana bisa kai, a kan wani tulun, ƙaramin tuntuɓe ya isa. Don haka direba ba ya tafiya da kaya a sama ko kaɗan. Yakan sauke su har su kusa ƙasa, kamar santimita 15, ya karkata tsani baya, sa'an nan ya tafi. Sai ya tsaya cik a gaban inda zai ajiye, kana ya ɗaga.

Ga wani abin mamaki. Motar da ba ta ɗauke da kome ta fi saurin kifewa gefe a kan wadda ta ɗauki kaya ta riƙe su ƙasa ƙasa. Dalili kuwa, idan babu kaya, nauyi yana komawa baya, wajen dutse na uku, inda wurin ya ke da ƙunci. Kuma lokacin da babu kaya ne samari ke son gudu.

Tuƙinta ba irin na mota ba ne

A motar da kuka saba gani, tayoyin gaba ke juyawa. A wannan, na baya ne. Hakan yana ba ta damar juyawa a ɗan ƙaramin wuri, tsakanin layukan kaya. Amma idan gabanta ya nufi dama, bayanta yakan yi shara zuwa hagu. Wanda ke tsaye a gefe yana ganin ya kauce, sai dunƙulen ƙarfen nan ya matse shi da bango. Tsohon direban babbar mota ma, ranar da ya fara hawa wannan, ɗan koyo ne.

Idan kaya sun yi tsawo sun tare masa gani, direba yakan tafi da baya, yana waiwaye. A kan gangare, kaya kullum su ne ke fuskantar tudu : ya hau da gaba, ya sauko da baya. In ba haka ba kayan su zame daga yatsu. A kowace kusurwa da kowace ƙofa yakan rage tafiya ya yi oda. Ba ya barin kowa ya wuce ƙarƙashin yatsu, da kaya ko babu.

Akwai roƙon da kowane direba zai ji. Wani abokin aiki zai zo ya ce : « Maigida, don Allah ɗan ɗaga ni in ɗauko kwalin can na sama. Minti guda ne. » Amsar ita ce a'a. Yatsun ƙarfe suna da santsi, babu abin riƙewa, ƙasa kuma siminti ce. Wani zai ce a rage masa hanya, ya maƙale a gefe. Shi ma a'a. Kujera guda ce. Faɗin a'a ga wanda ya girme ka ba shi da daɗi, amma yana cikin aikin.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, mota ta fara kifewa fa ? Zuciya za ta ce wa direba ya yi tsalle. Kada ya yi. Motar tana da rufin ƙarfe wanda ke kare kansa daga kayan da ke faɗowa. Wanda ya yi tsalle, yawanci gefen da motar ke faɗuwa ya ke nufa, sai rufin nan ya same shi a ƙasa. Abin da a ke koya masa shi ne ya zauna, ya riƙe sitiyari da ƙarfi, ya tokare ƙafafunsa, ya karkata jikinsa zuwa ɗaya gefen. Don wannan rana aka sa wa kujerar ɗamara.

Motocin iri iri ne. Akwai masu shan gazuwal, akwai masu aiki da tulun gas, akwai masu batir. Masu hayaƙi na fili ne. A cikin rufaffen ɗaki hayaƙinsu yana tara wata guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji jiri, ya faɗi. Masu batir ba su da hayaƙi, su a ke sa wa a ɗakunan abinci da na magani. Amma wasu batura suna fitar da iska mai kama wuta lokacin da a ke cika su. Ba a kunna ashana a wurin.

Ina aikin ya ke a ƙasarmu ?

Nijar ba ta da bakin teku. Shinkafa, da sukari, da magani, da injuna, da yawansu ta jirgin ruwa su ke zuwa tashoshin maƙwabta, sa'an nan su yi tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin su iso Yamai. Shekaru masu yawa babbar hanyar ita ce ta Kwatano. A da, jirgin ƙasa yakan kai kayan Paraku, kilomita 438, daga nan manyan motoci su ɗauka su ƙetare gadar Gaya. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, sai kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Ko ta ina suka bi, sai an sauke, an ajiye, an sake lodawa. A kowane zango akwai mai ɗagawa.

Saboda haka wuraren da a ke bukatar direban motar ɗaga kaya su ne inda kaya masu nauyi ke taruwa : filayen duwan, da filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, da ma'aikatu, da wuraren haƙar ma'adinai da na man fetur, da ɗakunan ajiya na manyan ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin agaji.

Amma kada a ruɗe ku. Guraben ba su da yawa ƙwarai. Motar tana da tsada, kayan gyaranta daga waje su ke zuwa. Tana son daɓen siminti mai santsi. A cikin rairayi ƙananan tayoyinta nutsewa su ke yi. Sa'an nan tana son palet, alhali yawancin kayanmu a buhu su ke tafiya, a zube cikin mota : gero, da wake, da albasar Galmi. Har a manyan rumbunan hatsi, irin na OPVN wadda aka kafa a 1970 don ajiye abincin ƙasa, da hannu aka saba jera buhuna. A zamanin cinikin gyaɗa ma, a kan mutane aka gina dalar gyaɗar Kano, buhu bisa buhu.

Ga lissafi. Babbar mota ta kawo siminti tan 30, wato buhu 600. Ƴan dako goma kowa zai ɗauki buhu 60. Idan kuwa simintin yana kan palet, buhu 40 a kowane, palet 15 ke nan. A ce kowace tafiya minti 4 ce. Cikin awa guda direba ɗaya ya gama. Mai kaya ya ji daɗi, motarsa ta juya da wuri. To, mutum goman nan fa ? Kowanensu yana da iyali, kuma kuɗin cefanen yau a cikin buhunan nan ya ke. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba ta da amsa mai sauƙi. A gefe guda, dako yana cin bayan mutum da gwiwoyinsa tun bai tsufa ba, kuma akwai kayan da ko mutum ashirin ba su ɗagawa, kamar injin wuta ko gangunan mai a ɗaure. A gefe guda kuma, inji ba ya ciyar da wanda ya karɓe wa aiki. A yawancin wurare ana aiki tare : mota ta ɗauki manya, mutane su jera, su kwance, su rarraba. Direban kirki ya san waɗannan mutane abokan aikinsa ne, kuma ransu yana hannunsa.

A wasu manyan ɗakunan ajiya na Amurka da Turai da Sin, yanzu har akwai motocin da ke yawo da kaya babu direba, kwamfuta ke bi da su. Su kuma suna bukatar masu gyara da masu lura.

Yadda a ke shiga sana'ar

Ba aikin yara ba ne. Sai mutum ya cika shekara 18. Likita ya duba idonsa da kunnensa, domin wanda ba ya iya auna nisa da ido ba zai zura yatsu cikin ƙofar palet a tsawon mita 4 ba. Takardar tuƙin mota, wato permi, tana taimako wajen neman aiki, amma ba ta isa ba, tun da kun ga tuƙin daban ne. A Faransa akwai jarrabawa ta musamman mai suna CACES, ana sabunta ta bayan shekara 5, kuma sai mai ma'aikata ya ba direba izni a rubuce. Manyan kamfanoni a ko'ina suna son ganin shaidar koyo. Da yawa daga cikin direbobi kuwa daga ƙasa suka fara : leburanci a magaza, sa'an nan taimakon mai lissafin kaya, har wani tsohon hannu ya koya musu.

Karatu dole ne. Allon nauyi, da takardun kaya, da rubutun jikin kwali, yawanci da Faransanci ko Ingilishi su ke. Ninkawa da rabawa kun ga amfaninsu. Wanda ya ƙara da ɗan sanin makanikanci ya fi daraja, domin motar da ta lalace takan daɗe tana jiran mai gyara.

Mai neman aiki yana iya rubuta sunansa a ofishin samar da aiki na ƙasa, ANPE. Idan an ɗauke shi, ya tabbata an yi takarda, an kuma rubuta shi a asusun CNSS, wanda ke kula da ma'aikacin da ya yi haɗari a bakin aiki. Dokar aiki ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako.

Aikin yana da daɗinsa. Direban tirela yakan yi makonni a hanya, wannan kuwa a gida ya ke kwana. Yana da wahalarsa kuma : zama wuri ɗaya, da girgiza mai sa ciwon baya, da waiwaye mai gajiyar da wuya, da ƙura, da zafin rufin kwano a watan Afrilu. Wani lokaci akwai aikin dare. Wanda ya riƙe amana yakan ci gaba, ya hau manyan injuna masu ɗaga kwantena, ko ya zama mai kula da magaza duka.

Yinin direba

Da safe, kafin ya tayar da inji, yakan zagaya motar. Ya duba tayoyi. Ya duba yatsu ko sun tsage ko sun lanƙwashe. Ya duba sarƙa. Ya leƙa ƙasa ko mai ya ɗiga cikin dare, domin tiyon da ke yoyo yana iya fashewa kaya suna sama. Sa'an nan ya hau, ya ɗaura ɗamara, ya gwada birki, da oda, da fitila, ya ɗaga yatsu ya sauke. Idan ya ga wani abu ba daidai ba, ya gaya wa shugabansa, ba ya fita da motar. Ya sa hular kwano, da takalma masu bakin ƙarfe, da riga mai haske wadda a ke hangowa daga nesa.

Sai a ba shi takardar aikin yini. Magaza mai tsari kamar gari ta ke : akwai tituna, kowane layi da harafinsa, kowane gurbi da lambarsa. Takarda za ta ce a kai palet kaza layin B, gurbi na 12, hawa na 3. Idan ya ajiye a wani wurin, kayan sun ɓata ke nan, ko da suna cikin ɗaki. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Abinci ba ya jingina da bango, ba ya haɗa wuri da maganin ƙwari. Wanda ya fara shigowa shi ke fara fita, don kada tsohon gari ya lalace a lungu ana rabon sabo. A wasu wuraren direba yana riƙe da ƴar na'ura mai karanta lambar jikin kwali, ta aika wa kwamfuta.

Kafin ya shiga bayan babbar mota ko cikin kwantena, yakan tabbata an ja birkinta, an sa waigi a tayoyinta. In ba haka ba tana iya matsawa, ya rufta tsakaninta da dandamali. Direbobin tirela suna jira, kowa yana cewa a yi sauri. Shi kuwa yana tafiya yadda ya saba.

Da yamma ya kai motar wurin kwananta, inda ba ta tare ƙofa ko hanya ba. Ya sauke yatsu har su kwanta a ƙasa, don kada wani ya yi tuntuɓe da su cikin duhu. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Idan mai gas ce ya rufe tulun, idan mai batir ce ya haɗa ta da wuta. Sa'an nan ya zare makulli ya kai ofis, domin akwai ɗan koyo a kowace magaza wanda ke jiran ranar da za a manta da shi a jiki.